Lasifika a Ɗakin Takaba

Ku samarin yanzu kun ishe ni. Kowa da talifon a hannu, ya danna abu, ƙara ta fito daga akwati, sai ya ce ya iya aikin sauti. Jiya wani ya tsaya bakin rumfata yana ce mini, "Ya ammi, baffana, abin nan fa silik biyu ne kawai, ja da baƙi." Na ce masa haka ne, yanka ma wuƙa ɗaya ce da wuya ɗaya, ya je ya zama mahauci.

Na fi shekara talatin ina ɗaura lasifika a gidajen mutane, daga garin Hajj Abdalla har Damazin. Mu nan samma'a muke ce mata, wayar da ke kai mata murya kuma silik. Ban shiga madrasa ba. Abin da na sani a kunne yake da yatsu. Ba ni da dogon zance, aiki ɗaya zan ba ku labarinsa, na wani ɗaki da na yi wa sauti, wanda har yau ban ga cikinsa ba.

Malam Isiyaku ya rasu bara, bayan mun dawo daga gudun yaƙi. Shi ke jan zikirin Juma'a a ƙauyenmu tun kafin in yi aure. A diwaninsa ake yi, ɗakin maza na bakin gida. Bayan la'asar a taru, a yi zikiri, sannan a ja waƙar begen Annabi ta Hausa, wadda kakanninmu suka zo da ita daga yamma a ƙafa. Matarsa, Hajja Kulu, ita ke dafa shayin taron. Murhunta na jikin bangon diwan, daga nan take saurare, shekara da shekaru.

Da ya rasu ta shiga takaba. Kun san yadda ake yi a nan. A kai mace ɗakin can ƙuryar gida, ta sa fari, ba ta fita, namijin da ba muharraminta ba ba ya ganinta, ba ya jin muryarta. Ga shi Hajja ta tsufa, kunne ya yi nauyi. Daga ƙuryar nan ba abin da ke isa gare ta. Al'adarmu kuma zikiri kan ɗan zauna a gidan mamaci, sannan ya koma gidan wanda ya gaje shi. Magajin shi ne ƙanin marigayin, Malam Sani, can ɗaya gefen gari. Kafin ta fita takaba zikirin ya bar gidanta, kuma ba zai dawo ba. Abin da ta roƙi 'ya'yanta ke nan: ta ji shi kafin ya tashi.

Ɗanta Bashir direba ne a Saudiyya. Ya zo gaisuwa da samma'a biyu, kowace ta kai ƙirjina. Yaron kirki ne, don uwarsa ya yi. Shi da abokansa suka ɗora su kan katangar da ta raba diwan da cikin gida, suka juya bakinsu wajen mata, suka murɗa har ƙarshe. Ina gidana na ji. Duk ƙauyen ya ji. Sun ajiye makirfon dab da akwatunan, sai abin ya dinga kuka kamar an taka wutsiyar kare, jakunan bayan gari na amsawa. Hajja ta aiko a kashe, kanta zai tsage, ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Malam Sani ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Wanga gidan makoki ne ko gidan biki? In na sake ganin akwatunan ga, ba zan jira ba, a gidana za a yi." A lokacin saura Juma'a ɗaya tak.

Washegari Bashir ya zo rumfata ya durƙusa. Usta suke ce mini, wato gwanin sana'a.

"Baba Usta, ka zo ka ƙara mana ƙarfi. Ina ga ba su isa ba ne. An ce a Sinnar akwai wadda ta fi su."

Na dube shi. Na ce, "Uwarka ta ce kanta zai tsage, kai kana neman ƙari?"

"To ai ba ta ji ba."

"Ta ji, ya zol, bawan Allah. Har ni na ji, ina bayan gida. Magana ce ba ta kama ba."

Haka dukanku kuke. In abu bai fita ba, a ƙara girma, a ƙara ƙarfi. Maigidana Usta Tijjani da zai ji ku da ya jefe ku da takalmi. A kasuwar Sinnar rumfarsa take, bayan tasha. Da aka kai ni wurinsa na daɗe ba abin da nake yi sai shara da ɗebo ruwa da riƙe fitila. Kawiya, ƙarfen da ake narka dalma da shi, sai da na yi damina biyu kafin ya bar ni in taɓa ta. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: kawiya, filaya, sukundireba mai kan da ya cinye, wuƙa, da ƙaramin batir na tocila. Da batir ɗin yake gane fuskar silik. Ya taɓa shi jikin samma'a, in takardar bakinta ta turo waje daidai ne, in ta shige ciki an juya. Samma'a biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai su cinye junansu, ka ji murya siririya kamar ta mai mura, ka yi ta zagin injin alhali laifin yatsunka ne.

Amma babban abin da ya koya mini ba ya cikin buhu. In muka shiga gidan da za mu yi aiki, ba ya duban kayan da aka sayo. Tsakiyar ɗaki yake tsayawa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya yi shiru. In na yi magana a cikin shirun nan sai na ji mari a ƙeya. Yana sauraren yadda ɗakin ke mayar da tafin ne. Ɗakin laka mai rufin kara yana haɗiye sauti. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana tofar da shi, ya dawo, ya sake dawowa, ya taka wanda ke biye da shi. Yakan ce mini, "Garba, ɗaki shi ne rabin samma'a. Wanda bai gaida ɗaki ba, ɗaki ba zai amsa masa ba."

Wani manomi a Hajj Abdalla, shekarar da auduga ta yi kyau, ya sayo samma'a shida ya ce in jera masa su a diwan, duka a kan amfilifaya ɗaya, injin da ke ba murya ƙarfi. Na ce jaki ɗaya ba ya ɗaukar kayan jaki shida. Akwai lamba a bayan kowace samma'a, akwai lamba a bayan injin, in ka tara su da yawa a baki ɗaya sai su tsotse shi ya ƙone. Ya ce ni ba ni da buri. Na tafi. Ɗan maƙwabcinsa ya haɗa masa. Ba a gama gaisawa da baƙi ba hayaƙi ya tashi. Wata amarya kuma a Damazin, na gama saita mata komai daidai kunnen mai zama, na dawo bayan mako na tarar an shigar da samma'o'in cikin kabad na gilas, an rufe, an lulluɓe da ƙyalle mai saƙa, an ɗora furen roba a kai. Tana ce mini, "Usta, aikinka ya lalace." Irin mutanen da nake fama da su ke nan tun ina da baƙin gashi.

To, a gidan Malam Isiyaku wa zai bar ni in tsaya tsakiyar ɗaki in tafa hannu? Ɗakin takaba ne. Ko tsakar gidan ba zan taka ba.

Na fara zuwa wurin Malam Sani. Na same shi ƙarƙashin rakubarsa, rumfar kara, yana jan carbi. Ya ce bai yarda ba. Na ce ba zai ga akwati ba, ba zai ji ƙara ba, ɗan makirfon ne kawai a gabansa.

"In na ji kukan nan ko sau ɗaya, tashi zan yi."

"Malam, in ka ji shi ko sau ɗaya, ni zan riga ka tashi."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. A wurinsa wannan izini ne.

Bashir na iya shiga wurin uwarsa, ɗanta ne. Amma in ka ce masa hagu sai ya tambaye ka dalili, in ka juya baya ya yi dama. Yayarsa Zainabu na zaɓa, babbar ɗiyar Malam, wadda ke zaune da tsohuwar dare da rana. Mace ce mai jikoki, bakinta kamar reza. Ɗakin yana da 'yar taga sama, ta wajen lungun bayan gida. Nan na tsaya, a rana, tsakanin bango da garken awaki.

Ta ce daga ciki, "Usta, ka sunkuyar da kai."

"Tagar ta fi ni tsawo da kamu biyu, ɗiyar Malam. Sai dai in tsiro fiffike."

"Ka sunkuyar dai."

Na sunkuyar. Na ce ta tsaya tsakiyar ɗaki ta tafa hannu sau ɗaya, kowa ya yi shiru. Ta ce a ɗakin takaba za ta yi tafi? Na ce to ta buga takalmi biyu. Ta buga. Ƙarar ta fito ta taga tana wutsiya, kamar an jefa dutse cikin tanki.

Na ce, "Wanga ɗaki ba komi a cikinsa?"

"Mi kake so a samu? An fitar da gado, an cire labule, an kwashe kwanuka, an ɗauke madubi. Tabarma ce da buta."

"Ƙasa fa?"

"Siminti. Bashir ya sa aka yi, da kwanon sama."

Kowa a ƙauyen nan ya san ana kwashe ɗaki kafin mace ta shiga takaba. Ba wanda ya taɓa tunanin abin da hakan ke yi wa murya. Ɗakin mace na yau da kullum, da gadaje da katifu da labule, shi ne ɗaki mafi sauƙi a sana'armu. Wannan kuwa rijiya ce. Ko ka kawo mata muryar mala'ika, sai ta dagule kafin ta isa kunne. Kunnen tsoho kuma, ku sani, siraran sautuka yake fara rasawa, waɗanda ke raba kalma da kalma. Gurnanin nan mai kaɗa ciki da kuke so, shi yake ji sosai, kuma shi ke danne masa magana. Akwatunan Bashir gurnani ne zalla.

Na ce a rataya labule a bango.

"Ado ne. Tsofaffin gidan ga za su cinye ni ɗanya."

"Bargo fa?"

"Ado."

"A jingina katifa."

"Usta, kana so a ce an ga katifa a ɗakinta, mijinta na kwance cikin ƙasa?"

Na tsaya ina duban awaki, su ma suna dubana. Wallahi na so in tattara buhuna in tafi. Sai na tuna ranar zaman makoki na ga ana ta sauke kayan gaisuwa, kowa da abin da ya iya kawowa. Na ce, "Ina buhunan dawar da mutane suka kawo?"

"Suna ɗakin ajiya."

"Buhu ado ne?"

Na ji tafiyarta. Can na ji muryoyin tsofaffin mata sun tashi, ana ta musu, wata na cewa ba a taɓa yi ba, wata na cewa ai abinci ne. Na daɗe a tsaye. Ta dawo ta ce, "Sun ce buhu ba ado ba ne. Sun kuma ce kai ba ka da hankali."

"Khalas, shi ke nan. Na yarda da duka biyun."

Bashir ya yi dakon buhunan, nan ya yi amfani. Na sa aka jera su jikin bangon da ke fuskantar tsohuwar, da kusurwoyi biyu, aka shimfiɗa buhunan da babu komai a ƙasa. Zainabu ta sake buga takalmi. Wutsiyar ta gajarta. Ba ta mutu ba, kwanon sama na nan, amma ɗakin ya zama abin da za a iya magana da shi.

Sai tambayoyi. Ina take zama? A tabarma, ta jingina da bango, tana duban alƙibla. Wane kunne ne mai aiki? Na ji ƙus-ƙus a ciki, don tsohuwar ba za ta ɗaga murya in ji ba. Zainabu ta ce na dama ya mutu da daɗewa, na hagu ne ke ɗan motsi. Daga ƙasa zuwa kunnenta fa? Ta auna da hannunta ta ce kamu ɗaya da taki. Na ce hannunki ko nawa? Ta ce in miƙo nawa ta taga ta gwada. Ban miƙa ba.

Samma'ar da na zaɓa tafin hannu ce, na ciro ta daga ƙofar wata mota da ta mutu a bakin hanya. Tsirararta ba ta da murya, sai an yi mata gida. Akwatin katako mai fenti kuwa na san abin da za a ce: ado. Na samo tsohon akushi, na huda murfinsa daidai bakinta, na cusa auduga a ciki, na rufe, na ɗaure da tsirkiya. Bashir ya zo ya gani ya riƙe baki.

"Wannan? Baba Usta, waɗancan fa tun daga Jidda na ɗauko su a wuyana."

"Ajiye su, ranar sunan ɗanka za su yi amfani. Uwarka ba filin ƙwallo ba ce. Kunne ɗaya ne gare ta."

Saura silik, kuma nan ne sai na yi maganar mummunar shekara. Lokacin da yaƙi ya iso wajenmu ina da rumfa cike, samma'o'i na mutane da nawa, injuna, naɗin silik har rufi. Muka fita da abin da ke jikinmu, muka nufi kudu, rabi a ƙafa rabi a bayan tarakta. A Damazin na yi dako, na gyara tocila, na yi cajin talifon da hasken rana. Wa ke neman kiɗa a gida alhali ba shi da gidan? Ba dukanmu muka dawo ba. Wannan ba maganar sana'a ba ce, na wuce ta. Da na dawo na tarar da rumfar ba ƙofa. Ɓarayin ba ma sauti suka sata ba. Sun farke samma'o'in da wuƙa, sun ƙona su don su ciri jan ƙarfen ciki. Aikin shekara talatin, an auna shi a sikeli. Abin da ya tsira shi ne wanda na binne cikin tulu a garken awakina ranar da za mu fita: kawiyar Usta Tijjani, filaya, da naɗi ɗaya na silik mai kauri, tsohon yayi.

Wanda ake sayarwa yanzu a kasuwa, ku kankare shi da wuƙa ku gani. Ja ne a waje, fari a ciki. Gwangwani ne aka shafa wa launi. A tafiya gajera zai yi, ya ruɗe ku. Daga diwan zuwa ƙuryar gidan Malam kuwa tafiya ce mai nisa, siririn silik na ƙarya zai shanye muryar a hanya, abin da zai isa ba zai cika cokali ba. Zainabu ta auna nata ɓangaren da igiyar guga ta jefo mini ita ta kan katanga, na auna nawa. Naɗin tulun nan ya isa, da ɗan saura.

Bashir ya ce a tona bango a binne shi, ya fi kyau. Na ce kafin damina matan gidan nan za su yi yaɓe, da fartanya suke kankare tsohon, za su datse shi su ce aljani ne. Ya ce to a shimfiɗa a ƙasa. Na nuna masa awaki. Ta saman katanga na bi da shi, na ɗaɗɗaure jikin ginshiƙan rakuba, sama da inda akuya ke kaiwa in ta miƙe, nesa da wayar wutar sola, don in suka jeru sai ka ji ƙugi kamar na ƙudan zuma. Duk haɗin na yi shi a waje, da dalma, don kada a bar wa kowa abin murɗawa a ciki. Na miƙa akushin ta kan katanga da jelarsa ta silik. Hannun Zainabu kawai na gani.

Injin Bashir na yi amfani da shi, mai kyau ne, ƙarfinsa ne ya yi wa 'yar samma'ar yawa. Na kashe gurnanin gaba ɗaya, na ɗaga tsakiya inda magana take, na karce alama da ƙusa a jikin maɓallin ƙarfi. Na tara Bashir da abokansa na ce duk wanda ya wuce alamar nan zan karya masa yatsa, kuma ba wasa nake ba.

Ranar Alhamis muka gwada. Bashir ya karanta Fatiha a diwan, ni ina lungu. Zainabu ta ce tsohuwar na jin mutum, amma kamar daga cikin randa. Na tambayi inda ta ajiye akushin. A kusurwa, wai don kada a yi tuntuɓe. Na ce wa ya ce kusurwa? Kusurwa kumbura murya take yi. A fito da shi, a kifa ƙaramin turmi a ɗora shi, a hagunta, bakinsa na duban kunnenta, tazarar hannu ɗaya. Aka sake. Na jira.

"Ta ce ta ji."

"Alhamdu lillahi."

"Kada ka yi saurin murna, Usta. Hajja ko ba ta ji ba cewa za ta yi ta ji. Ba ta son Bashir ya sake jin kunya."

To ka gani. A kowane gida ina zama inda mai gida zai zauna, in ji da kunnena, in san na gama. Nan ba ni da kunne, ba ni da ido, shaidata ɗaya ce kuma ita ma an ce kada in yarda da ita. Ga shi muryar mutum ɗaya a diwan da ba kowa daban take da ta taro.

Ranar Juma'a diwan ya cika har waje, don kowa ya san na ƙarshe ne. Na zauna bakin ƙofa da injin da batir, na yi musu inuwa da buhu saboda zafi. Makirfon na ɗaure shi a guntun kara a gaban Malam Sani, taki ɗaya daga bakinsa, don muryarsa nake so ta tafi, ba hayaniyar jama'a ba. Yana zama ya ture shi gefe da bayan hannu kamar ƙuda. Na rarrafa na mayar. Ya sake turewa. Na sake mayarwa. Ya harare ni, na harare shi, aka fara.

Aka yi zikiri. Ba kuka, ba ƙugi. Daga ciki ba labari. Aka shiga bege, Malam Sani na ja ana amsawa. Muryarsa ba ta kai ta yayansa ba, amma tana fita. Ina ta duban ƙofar cikin gida, shiru. Ban san ko silik ya tsinke ba, ko wata tsohuwa ta kife akushin, ko Hajja na zaune ne kawai tana jin ruri. Bashir na gefena yana ta miƙo hannu wajen maɓalli, ina bugewa. Rana ta yi ƙasa. Malam Sani ya fara sauri don magariba, ya kama hanyar rufewa.

Sai na ji ana buga ƙyauren kwano na cikin gida da ƙarfi. Na tashi na je. Zainabu ce a baya.

"Usta!"

"Ya mutu ne?"

"Mi ya mutu? Ta ce Baba Sani ya tsallake."

"Ya tsallake mi?"

"Baitocin mutanen hanya, waɗanda suka rasu kafin su iso ƙasar ga. Ta ce Malam bai taɓa rufewa ba sai ya yi musu. Ta ce a koma."

Na ce, "To sai ki aika Bashir."

"Bashir ya gyara wa ƙanin ubansa karatu a gaban mutane? Kana da hankali kuwa?"

"Ni kuma fa? Ni mai silik ne."

"Kai ka jawo mata muryar, kai za ka kai amsa. Yi sauri, zai shafa."

Na tsallaka ƙafafun mutane, kowa na kallona. Na durƙusa kusa da Malam Sani, ya riga ya ɗaga hannu zai yi addu'ar rufewa. Na faɗa masa a kunne. Ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Daga ciki."

Wani tsoho a baya ya ce a hankali, "Gaskiya ne, an bar su." Malam Sani ya sauke hannunsa. Ya dubi ɗan makirfon nan, ya kamo karan da kansa, ya jawo shi dab da bakinsa, ya gyara murya, ya koma baya ya ɗauko daga inda ya tsallake, a hankali, kalma bayan kalma.

Magariba ta ɗan wuce mu ran nan. Ba wanda ya yi ƙorafi.